Shekara Bakwai Ina Zaune a Benci, Jama'a Na Tashi Karɓar Tarayya

Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni 'yar Katolika ce, ina aure a cikin garin Gombe, 'ya'yana uku. Shekara bakwai da suka wuce ni ce ma'ajin ƙungiyar mata ta cocinmu. Maigidana ya kwanta asibiti, aka ce sai an yi masa aiki, ba mu da ko sisi. Na ɗebi naira 85,000 daga kuɗin ankon da muka tara, da niyyar in mayar kafin a ankara. Ban samu ba. Ranar lissafi aka tambaye ni, sai na ji bakina ya ce abin da mai karɓar kuɗin ta kawo min ke nan. Matar nan mijinta ya rasu, masa take soyawa tana riƙe marayu. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ba wanda ya yarda. Aka yanke ta biya rabi, ta yi wata takwas tana biya. Daga nan ta bar ƙungiya, yanzu Misar sassafe take zuwa ta zauna can baya.

Sau ɗaya na je ikirari, wato faɗa wa Fada zunubaina, bayan haka. Na faɗi ƙananan abubuwa, na ɓoye wannan. Tun ranar ban koma ba, ban kuma ƙara karɓar Tarayya, Jikin Kristi da ake bayarwa a Misa, ba. Fadanmu ya san muryata, abokin maigidana ne, yana cin abinci a gidanmu. Ina tsoron ya faɗa, ko ya canza min fuska. Wata ƙawata 'yar cocin ECWA, wadda ba ta san abin da na yi ba, ta ce in roƙi Allah a ɗakina ya wadatar. Maigidana ya ɗauka bashi na ci wajen yayata. Yanzu 'yata mai shekara tara tana shirin ikirarinta na farko da Tarayya ta farko, ranar Lahadi ta ce min, “Mama, ke me ya sa ba kya tashi?” Na rasa amsa. Mama, yaya zan yi?

Mai nauyin zuciya, Gombe

'Yata,

A duk tsawon wasiƙarki, layi huɗu kika ba matar nan mai masa. Sauran kuwa Fada ne, da muryarki, da fuskar da zai yi miki. Zan fara da maganar Fada, tun da ita ce ta tsaya miki a maƙogwaro, kuma amsarta ba ta da wuya. Amma ki sani wajen mai masa zan dawo, don a can ciwon yake.

Fada ba zai faɗa ba. Kirkinsa da tuwon gidanku da yake ci duk a ajiye su gefe, doka ce ta ɗaure masa harshe, ɗaurin da ba shi da na biyu a cikin dokokinmu. A kundin dokokin Ikilisiya na 1983, doka ta 983 ta ce sirrin ikirari ba a keta shi, ko da baki, ko ta wata hanya, ko saboda wane dalili. Ta 984 ta ƙara da cewa ba shi da izinin amfani da abin da ya ji ta yadda zai cuci mai ikirari, ko da asirin ba zai fito ba. Wato ba zai saurare ki ranar Asabar, gari ya waye ya ce a sauke ki daga wani muƙami ba. Fadan da ya tona asirin ikirari kai tsaye, nan take ya fita daga tarayyar Ikilisiya, ba sai an zauna an yi masa shari'a ba, kuma Bishop ɗinsa ma ba ya iya kwance shi, sai magana ta je Roma. Alƙali ba ya sa shi ya faɗa, ɗan sanda ba ya sa shi, Bishop ba ya sa shi. Ke kanki, in kun haɗu a ƙofar coci ko ya zo gidanku an zuba masa abinci, ba zai tayar miki da zancen ba sai in ke kika buɗe.

Abin ba na yau ba ne. Babban taron Ikilisiya na Lateran na huɗu, na shekarar 1215, wanda ya wajabta wa kowane Katolika ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara, shi ne kuma ya ce Fadan da ya tona asiri a tuɓe shi, a killace shi a gidan zuhudu yana tuba har ƙarshen ransa. Muna da waliyyi, Yohanna na Nepomuk, da aka jefa a kogi a birnin Prag a 1393. Labarin da muka gada shi ne sarki ya matsa masa ya faɗi abin da sarauniya ta faɗa masa a ikirari, ya ƙi.

Ni kuwa ba a takarda na fara ganin wannan ba. Mahaifina katikis ne, mai koyar da addini a coci, ya yi shekaru yana aiki a wani ƙauye ta wajen Tafawa Balewa. A lokacin Fada sau ɗaya yake zuwa mana a wata, da damina ma yakan wuce haka. Ba mu da akwatin ikirari. Kujera ake ajiye masa a gindin wata tsamiya bayan coci, a shimfiɗa buhu a gefe don durƙuso. Ya rataya ɗan ƙyallensa mai launin shunayya a wuya, ya juya gefe, ya dafe goshi, idonsa a ƙasa. Baba zai ɗauki sanda ya ja layi a ƙasa, kamar taku ashirin daga tsamiyar, ba mai tsallakewa sai wanda layi ya zo kansa. Mu yara in muka matso, tsumagiya ce ke gaishe mu. Akwai wata tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai, sai Sayanci, shi kuma Fada Bature ne, Hausa kawai ya iya. Ita da kanta ta roƙa Baba ya tsaya ya fassara mata. Da dare muna cin tuwo, Inna ta ce masa cikin raha, wai me tsohuwa irin wannan za ta yi har ta daɗe haka? Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya dube ta, ya ce, “Ban ji komai ba.” Ya wanke hannu ya tashi. Ban taɓa ganin ya bar tuwo ba sai ranar. Ya rasu da maganar a cikinsa. Shi ma mai fassara dokar ta ɗaure shi, haka ma duk wanda kunnensa ya tsinci ikirarin wani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To in katikis ɗin ƙauye ya riƙe haka, ina ga wanda aka keɓe, aka ɗora masa hannu?

Batun canza fuska kuma, ki tuna mutumin nan yana zama ya saurari mutane da yawa a yamma ɗaya, shekara da shekaru. Satar kuɗi da ƙarya ba baƙi ba ne a kunnensa. Shi ma yana durƙusawa gaban wani Fada ya faɗi nasa. A watan Maris na 2014, marigayi Paparoma Francis ya je zai zauna ya saurari ikirarin jama'a a cocin Waliyyi Bitrus da ke Roma, sai ya bi ta wani akwatin ya durƙusa ya fara yin nasa, duniya na kallo. Shi ne kuma ya rubuta wa Fadoji a 2013 yana tuna musu cewa wurin ikirari ba ɗakin azabtarwa ba ne, wurin gamuwa da jinƙan Ubangiji ne.

Duk da haka, in kin ga harshenki ba zai motsa a gaban abokin maigidanki ba, kyale shi, babu laifi. Doka ta 991 ta ba kowane mai bi 'yancin zaɓar Fadan da zai yi wa ikirari. Ki je wani coci a cikin Gombe. Lokacin Azumin kafin Ista da gab da Kirsimeti akan gayyato baƙin Fadoji su zauna a kusurwoyi daban-daban, kowa ya bi layin da ya ga dama. Dayosis ɗinmu na Bauchi, wato yankin da Bishop ɗinmu ke kula da shi, ya haɗa jihar Bauchi da ta Gombe, in kin so ki shiga mota ki biyo ta Alkaleri ki zo babban cocin St. John da ke nan Bauchi, ki koma a ranar. Ba a tambayar suna, ba a tambayar unguwa. Inda akwai akwati mai raga a tsakani, kina da damar durƙusawa a bayanta ba tare da an ga fuskarki ba. Abu ɗaya nake jiye miki: kar neman Fada na nesa ya zama sabon uzuri. Wadda ta yi shekara bakwai tana cewa gobe, in ta ce sai Azumi, na san inda zancen zai ƙare.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce Allah yana ji daga ɗaki. Yana ji, kuma daren yau ma daga nan za ki fara, don nadama a zuciya take tsira kafin ta zo baki. Ina da 'yan'uwa na jini a ECWA, muna girmama juna, ba na gardama da su a kan wannan. Amma ke tambayarki ta 'yar Katolika ce, amsar Katolika zan ba ki. A Bisharar Yohanna sura 20, da yammacin ranar da Yesu ya tashi daga matattu, ya shiga wurin almajiransa ƙofofi a kulle, ya hura musu numfashi, ya ba su Ruhu Mai Tsarki, ya ce wanda suka gafarta wa zunubai an gafarta masa, wanda suka riƙe wa an riƙe. Yaya za su kwance ko su riƙe abin da ba su ji ba? Daga nan muka samo wannan sakramenti. Allah ne mai gafara, Fada bakin da aka aro ne. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah: shekara bakwai ɗin nan ba a ɗaki kike ta roƙo ba? Matashin kanki ya sha hawaye, na sani. Da ya wadatar da ba ki rubuto min ba. Ɗan'adam yana bukatar ya furta abu da bakinsa, ya kuma ji da kunnensa an ce masa an yafe.

Kin ma yi sa'ar zamani. A ƙarnonin farko na Ikilisiya, mai babban zunubi a bainar jama'a yake tuba, wani ya yi shekaru a haka kafin a sake karɓarsa. 'Yan zuhudun ƙasar Ailan ne suka yaɗa ikirari na sirri a Turai tun ƙarni na 7, mutum da Fada su biyu, kuma a riƙa maimaitawa. Ina jin daɗin tuna wannan, don Fadojin da suka yi wa iyayenmu baftisma a wannan yanki da yawansu 'yan can ne. Bishop ɗinmu na farko a Bauchi, marigayi John Moore, ɗan Ailan ne.

Ikirarin nan da kika yi kika ɓoye babban abin, ba zan rufe miki ba, bai karɓu ba. Mantuwa daban, ɓoyewa daban. Wanda ya manta da zunubi bayan ya bincika zuciyarsa da gaske, an gafarta masa, sai dai ya ambata in ya sake zuwa. Wanda ya sani ya danne, ya fito da kayansa kamar yadda ya shiga, har da ƙari. Babban taron Ikilisiya na Trent a 1551 ya kawo misalin da kowace uwa za ta gane: majinyacin da ya ji kunyar nuna wa likita miki, magani ba ya warkar da abin da bai sani ba. Mu kuma muka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don haka wannan ɓoyewar ma za ki faɗe ta. Abin da kika yi daidai shi ne da kika daina tashi karɓar Tarayya. Wata da ta ci gaba da shiga layi don kar a yi zargi. Zaman da kike yi a benci ya nuna min tsoron Allah bai bar zuciyarki ba, shi ya sa nake miki magana kai tsaye.

In kin durƙusa, kar ki damu in kin manta kalmomin da aka koya miki a katikisma. Ki yi alamar gicciye, ki ce, “Fada, ka sa min albarka, na yi zunubi. Shekara bakwai rabona da ikirari na gaskiya, kuma ina jin tsoro, ka taimake ni.” Zai taimake ki. Sai ki faɗi abin da sunansa: na ɗauki kuɗin ƙungiya, adadi kaza, na ɗora wa wata gwauruwa, aka sa ta biya rabi, na yi shiru shekara bakwai ina kallo, na ɓoye a ikirarin baya. Ki faɗi dalilin ɗaukar kuɗin a taƙaice, don yana da nauyi a ma'auni. Matar da mijinta ke kwance ana jiran kuɗin aiki ba ɗaya take da wadda ta ɗiba don sayen leshi ba. Amma kar ki yi minti goma a kan asibiti, ki zo kan mai masa ki wuce da gudu. Ba sai kin kama sunanta ba. Bayan haka ki kawo sauran manyan abubuwan da kika tuna na waɗannan shekaru. Zai yi miki nasiha, ya ba ki aikin tuba, ki yi addu'ar nadama, ya ɗaga hannu ya furta miki gafara cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Gwiwarki za ta yi rawa, miyau zai ƙafe. Ni ma na taɓa yin shekara huɗu ban je ba, bayan rasuwar ɗana, ina fushi da Allah. Ranar da na koma, gefen zanena na cusa a baki don kar na bayana su ji kukana. Ban mutu ba.

Yanzu mu zo wajen mai masa.

Ɗaukar kuɗin laifi ne, ya taɓa doka ta bakwai cikin Dokoki Goma. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne na takwas, shaidar zur. Kuɗi kin ɗauka cikin ruɗewa, mijinki na tsakanin rai da mutuwa. Maganar da kika yi ranar lissafi kuwa kin zaɓi wanda za ki jefa wa, kuma kika zaɓi wadda ba ta da mai tsaya mata. Da matar wani babba ce ta karɓi kuɗin, da bakinki bai iya ba. Ki zauna da wannan kaɗan, kar ki yi saurin kawar da kai. Ki hango ta a gaban tanda tun kafin gari ya waye, hayaƙi na shiga mata ido, tana juya masa ɗaya bayan ɗaya, tana ware na marayu tana ware na bashin da ba ta ci ba, wata takwas. Ki hango 'ya'yanta a makarantar Lahadi, da irin kallon da ake musu. Littafin Fitowa sura 22 ya ce kar a wulaƙanta gwauruwa ko maraya, in suka yi kuka Allah zai ji. Ta yi kuka a gabanki, 'yata.

Ba don in karya miki gwiwa na faɗi haka ba. Gafarar da Fada zai furta gaskiya ce, cikakkiya ce, za ta wanke ki a gaban Allah. Sai dai ba za ta sa naira 42,500 a ƙullin zanen matar nan ba, ba kuma za ta shiga kunnen matan ƙungiya ta goge abin da suka ji ba. Katikisman Ikilisiya na 1992 ya faɗi wannan ƙarara: gafara tana ɗauke zunubi, amma ba ta gyara dukan ɓarnar da zunubi ya yi, dole a mayar da abin da aka ɗauka, a kuma gyara sunan wanda aka ɓata. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke cewa, hakkin wani ba ya faɗuwa sai an nemi mai shi. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, kafin a ce ceto ya sauka a gidan sai da ya miƙe ya ce wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. A Matiyu sura 5 kuma aka ce in ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ke shekara bakwai kina tunawa a gaban bagade.

Na kuɗi shi ne mai sauƙi. Rabi na ƙungiya ne, rabi nata ne, kuma nata za ki fara biya. In ba ki da shi a dunƙule, ki biya kaɗan-kaɗan, amma da ranar farawa da adadin da kika ɗaure wa kanki. Ki kuma tuna abin da wannan kuɗin ke saye a wancan lokaci, na shinkafar masa da man gyaɗa, yanzu ba ya saye. In kika miƙa mata daidai adadin da ta biya kin rage mata. Ki ɗora abin da za ki iya a kai.

Na suna shi ne mai wuya, magana zarar bunu ce. Fada ba zai ce sai kin tsaya gaban coci kin tona kanki kafin ya ba ki gafara ba, ba haka ake yi ba. Ikilisiya ta yarda a yi gyara a ɓoye inda ba zai yiwu a fili ba. Sau da yawa akan bi ta hannun Fada ko wata dattijuwa, a mayar da kuɗi, a sanar cewa wadda aka zarga ba ta da hannu, ba tare da an kama sunan kowa ba. In kina so Fada ya shiga irin wannan, sai kin same shi a wajen ikirari kin ba shi labari da izini, don abin da ya ji a ciki ba zai iya ɗaga ko yatsa a kansa ba. Amma ba zan yaudare ki ba. A naku lamarin hannu biyu ne kawai suka taɓa kuɗin, nata da naki. Duk ranar da aka ce ba ita ba ce, kowace mace a wurin za ta juyo ta dube ki. Babu yadda za a wanke ta ruwan bai fantsamo miki ba. Ina jin wannan ne ainihin abin da ya hana ki zuwa ikirari, kin san in kin shiga ƙofar nan, ta gaba ita ce ƙofar gidan mai masa.

Ra'ayina shi ne ki yarda ruwan ya taɓa ki. Za a yi surutu, wata ɗaya, wata biyu. Wasu za su daina gaishe ki, wasu kuma, waɗanda ba ki zata ba, za su zo su zauna kusa da ke, don kowa da abin da ya binne. Ita ta ɗauki kunyar da ba tata ba shekara bakwai, ba miji, ba mai rarrashi. Ke taki za ki ɗauka, da mijinki a raye a gefenki.

Shi ya sa maigidanki zai fara ji, kafin kowa a waje. Kar ya tsinci maganar a bakin mutane. Ki zaɓi dare bayan yara sun kwanta, ki faɗa masa kuɗin aikin da aka yi masa ba daga yayarki suka fito ba. Ransa zai ɓaci, ya ga kin rufe shi tsawon lokaci. Ki bar shi ya yi fushinsa. Amma jikin da yake tafiya da shi yau da kuɗin nan aka ɗinke shi, har da gumin gwauruwa a ciki, don haka bashin na gidanku ne ku biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: in kin san mutum ne mai saurin hannu, kar ki faɗa masa ke kaɗai, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna.

Ita kuma kar ki same ta a bakin tanda, gaban masu saye. Ki je gidanta da yamma, ke kaɗai ko da dattijuwa ɗaya wadda ita ta yarda da ita. Ki durƙusa. Ki ce ke kika ɗauka, kin sani ba ita ba ce, kin bari ta biya. Kar ki fara da labarin asibiti, in ta tambaya kya faɗa. Kar kuma ki tsare ta da “don Allah ki yafe min” har ta rasa yadda za ta yi ta ce ta yafe alhali zuciyarta na tafasa. Mukan yi wa mutane wannan, mu ɗaure su da sunan Allah mu ƙwaci yafiya, ba kyau. Tana iya zaginki, tana iya fita ta faɗa wa unguwa, tana iya yin shiru ta juya miki baya. Ki tambaye ta yadda take so a wanke sunanta: a taron ƙungiya ne, ko a gaban shugabanni kawai, ke za ki faɗa ko shugaba. Wannan zaɓin nata ne. In ta kore ki, ki ajiye mata kuɗinta ta hannun dattijuwar, ki bar ta ta huce, ki koma.

Wani abu da zai sanyaya miki rai: ba sai kin gama biya, ba sai kin gama duk waɗannan ba kafin ki karɓi Tarayya. In kin yi ikirari na gaskiya da niyyar gyara ta gaske, aka ba ki gafara, kina iya tashi a Misa ta gaba. Niyyar ce dai ba a wasa da ita, Allah ba a yi masa wayo. Ranar da 'yarki za ta sa fararen kaya, kina iya bin bayanta a layi.

Ita yarinyar ba sai ta ji labarin ba, kaya ne da ya fi ƙarfin wuyanta. Amma kar ki yi mata ƙarya. Ki ce, “Na daɗe ban je ikirari ba, shi ya sa. Zan je.” In maganar ta fito daga baya ta ji a waje, gara ta ji ta haɗe da cewa uwarta da ƙafarta ta je ta gyara.

Ki tambayi lokacin ikirari a cocin da kika zaɓa, yawanci ranar Asabar ne da yamma, ko ki tari Fada bayan Misar safe ki ce kina da bukata. Wannan Asabar ɗin nake nufi. In kin fito, kar ki yi saurin tsayar da keke, ki zauna a coci ki yi aikin tuban da ya ba ki in na addu'a ne. Da kin isa gida ki ƙirga abin da za ki iya cirewa a wannan watan, ki ɗaure shi daban a ƙasan akwati, na mai masa ne. Ki sake rubuto min bayan kin je gidanta, ina so in ji yadda take, ita da yaran.

Taki,
Mama, daga Bauchi